Suruka, Bindigar Babanku

Akwai wata magana da kuka tashi kuna ji a garin nan, har wasunku sun ɗauke ta suna faɗa wa nasu 'ya'yan: wai babanku ya rasa sarautar Sarkin Baka ne don ya nace wa bindigar arha, kuma idonsa ya mutu da wuri. Ranar sunan nan da aka yi na ji ta a bakin ɗayanku, yana faɗi yana dariya, ba da mugun nufi ba. Na yi shiru don akwai baƙi. To yanzu ba baƙo, kuma mutum biyun da nake rufe baki dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi.

Bindigar dai ta arha ce, wannan ba ƙarya. Babana ne ya ƙera ta, kun san ni ɗiyar maƙera ce. Da bututun sitiyarin wata tsohuwar mota da ta mutu a hanyar Cadawa ya yi ta, gindin kuma icen ƙirya. Adaka ce, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a daka da sandar ƙarfe, a jefa dalma, a sake dakawa. Bunsuru guda da damin hatsi biyu babanku ya ba da, tun yana saurayi, tun bai san zai auri ɗiyar gidan ba. Babana fartanya da gatari ya iya, Allah ya jiƙansa, bindiga kuwa uku kaɗai ya taɓa yi, biyu ba su ga damina biyu ba. Ta ukun ta rayu, amma ta fito da hali. Duk abin da aka nuna mata sai ta kau da kai hagu, a taku arba'in takan kauce kamu guda. Da ido ba ka ganin lanƙwasar, sai in ka ɗaga bututun ka leƙa haske ta ciki. Shi ya sa maharba suka sa mata Suruka, wai ba ta kallon mutum ido da ido.

Amma a hannun babanku ba ta taɓa dawowa da kunya ba. Kun ci zabi, kun ci zomo, kun ci gada lokacin da daji yake daji, ko da yake yawancinku ba za ku tuna ba.

Ni ba mai fita ba ce, kun sani. Duniyata tsakar gida ce da abin da ya tsallako katanga ya faɗo kunnena. Zaurenmu kuwa nan maharba ke taruwa bayan la'asar, ni ina bayan bango ina kaɗi ko surfe, ba abin da ke wuce ni. Kowa da bindigarsa, kowa kuma tasa ta fi. Wanda ya fi kowa baki shi ne Habu, ɗan baffan babanku, ƙane ne gare shi da kusan shekara goma. Ya sai da sa ya je Maraɗi ya sayo ta kanti, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a sa kartush, wato harsashi. Ita ma a cikin bindigogin Turawa ta talaka ce, amma a garinmu sai ka ce ya sayo jirgi. Kullum shafa ta yake da tsumma kamar jaririya.

"Yaya," in ji shi, "wanga zamani ba na daka ba ne, daka sai mata. Kafin ka gama ɗura wa Suruka tuwonta na harba uku na koma gida na sha fura."

"Ukun kake harbawa don na farin bai samu ba," in ji babanku. "Kuma kowane tas naka, albarushina na sati ne ya tashi sama."

"Tawa dai inda na duba nan take dubawa. Taka fa? Ran da na are ta na auna zabo bisa rumbu, ta kashe tulun Inna a gindin zana. Har yau Inna ba ta amsa gaisuwata da daɗi."

Aka yi ta dariya. Akwai Buba, Bafillacen da ke kiwo a bayan gari, shi ba ya harbi, amma ba ya rasa zaman nan in ya shigo sayen gishiri. Shi ne ya ce:

"Ni ban san ta kanti ko ta maƙera ba. Dila ya ci mini 'yan tumaki huɗu. Na kira mai kartush, ya zo ya tarwatsa mini shanu da ƙara. Na kira mai Suruka, ya zauna a gindin kalgo yini guda, ya harba sau ɗaya, ya ba ni wutsiya. Abin da na sani ke nan."

"Sa'a ce, Buba," in ji Habu. "Aikin maƙerin fartanya ba ya wuce fartanya."

Babanku na ji dai ya yi 'yar dariyarsa ta hanci. Ni kuwa mazarin hannuna ya tsaya. Maƙerin fartanyar nan ubana ne, kuma bai cika shekara biyu a ƙasa ba. Na san Habu wasa yake, amma wasan ya zauna mini a ƙirji, kuma ba sau ɗaya ya faɗe shi ba.

Wannan kuwa shekarar da aka gama babban taron ƙasa ne a Yamai, aka ce kowa ya kafa jam'iyyar da yake so. Mu da ba mu taɓa jin an tambaye mu komai ba, sai ga shi kowa ya sami baki. Abin da daɗi, ba zan ɓoye ba, har mata a bakin rijiya suna musun wa ya fi. Amma garin ya rabu biyu kamar an sa wuƙa a kabewa. Wata jam'iyya ta kafa rumfa a bakin kasuwa, wata a gindin tsamiya. Babanku bai shiga kowace ba, amma da yake tsamiyar a ƙofar gidanmu take, aka lissafa shi a cikinsu. Habu na bakin kasuwa ne. Yayana Sani, wanda ya gaji maƙerar babanmu, shi ma can yake, har hula suka ba shi. Mutanen da suka yi kaciya rana ɗaya suka daina cin abinci a kwano ɗaya. A wani gari kusa da mu sai da aka ƙone wa mutum rumbu kan maganar da ba ta kai ta kawo ba.

Ana cikin haka, bayan an gama yankan hatsi, tsohon Sarkin Baka ya rasu. Sarkin Baka shi ne shugaban maharba, shi ke cewa a fita ko a zauna, shi ke raba nama, shi ake tasowa in wata dabba ta addabi gari. Sarautar gidansu babanku ce tun kakanni, kuma mutum biyu suka rage da suka isa: shi da Habu. A da, maigari kan kira dattawa su yi shawara a naɗa babba, shi ke nan. Amma a shekarar nan duk wanda ya nuna za a ce rumfa ya nuna. Maigari ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya ce tunda zamanin zaɓe ne, bindiga ta jefa ƙuri'a. A rataye gora a jikin babban gawon bayan gari, taku arba'in, kowa harbi uku, dalma guda ba mai warwatsuwa ba. Ran Alhamis da hantsi.

Babanku bai taɓa cewa yana son sarautar ba. Amma na ga ya ciro jakar fatar kakansa daga cikin tukunya ya shafa mata mai, ya rataye a inuwa, kullum sai ya tsaya ya taɓa ta in zai wuce. Ran Litinin ya ce zai je garin Gazawa wurin wani tsoho mai haɗa albarushi mai kyau, ya gaida yayarsa, ya dawo Laraba.

Yana fita na aika a ce Yaya Sani ya zo ina nemansa. Ya zo da azahar da baƙin gawayi har gwiwar hannu. Na nuna masa Suruka a jikin bango na ce ya miƙe ta.

"Auta, mace ba ta taɓa kayan maharbi."

"Ba ni zan taɓa ba, kai za ka taɓa."

"Mai ita ya sani?"

"Zan gaya mishi in ya dawo. Yaya, gari duka za a taru. In ta kau da kai a gaban jama'a, sunan Baba za a kira, ba na kowa ba. Kana ji ana ce mishi maƙerin fartanya a rumfarku, ka taɓa tankawa?"

Nan na same shi. Sai ya naɗe ta a tsohuwar tabarma tare da fartanyoyin da zai gyara mana, ya fita. Washegari ya dawo da ita, ya shafe ta da man gyaɗa da baƙin tukunya, ko ni da na san an taɓa ban ga wurin ba. Ya rataye ta da hannunsa inda take.

"Ta miƙe kamar kibiya," in ji shi. "Amma ki gaya mishi, Auta, kar ki manta. Shekara ashirin da wani abu hannunsa ya saba da karkata."

Na ji da kunne, ban ji da kai ba. Ni a tunanina, wanda ya ci nasara da karkatacciya, ina ga an ba shi miƙaƙƙiya. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ban san cewa duk shekarun nan ba abin da yake son samu yake aunawa ba, gefensa na dama yake aunawa da kamu guda, ya bar wa Suruka ta ƙarasa. Shi da ita sun daɗe da shiryawa, ni ce ban san da shirin ba.

Laraba ta zo ta wuce bai dawo ba, motar kasuwa ta lalace musu a hanya. Sai ran Alhamis da rana ta ɗago ya iso, a lokacin zaure ya cika da maharba da dattawan gidansu suna jiransa. Ga kuma al'adar gidan: ranar harbi maharbi ba ya magana da mace, ba ya karɓar ko ruwa daga hannunta, sai bayan ya ji ƙarar bindigarsa. Na san wannan tun ina amarya. Ya shigo da sauri, ya ajiye ƙunshin tsaraba, ya shiga ɗaki ya fito da Suruka a kafaɗa. Na tare shi a bakin madafa.

"Malam, akwai wata..."

Ya ɗaga mini hannu yana murmushi, irin na ki bari in dawo. A bayansa, a ƙofar zaure, baffanninsa biyu suna tsaye suna kallonmu. Kalma huɗu ce tsakanina da shi: an miƙe ta shekaranjiya. Da na ɗaga murya sau ɗaya da an ce matar wane ba ta da kunya, an yi sati ana faɗi, an manta. Amma idon surukai ya yi mini nauyi, kuma zuciyata ta ce ai gyara aka yi ba ɓarna ba. Na ja baya na ba shi hanya.

Na je bayan ɗaki na zauna a kan turmi, wajen da ya fi kusa da gawon. Ba na gani, amma na san muryar kowace bindiga a garin nan. Ta Habu siririya ce, tas, kamar an karya kara. Ta fara, sai guɗa ta tashi. Ta biyu shiru. Ta uku guɗa kuma. Biyu ke nan cikin uku. Sai aka daɗe, sannan Suruka ta yi magana, dum, kamar an buga ganga a cikin rijiya. Na jira guɗa, ba guɗa. Na ce iska ce. Aka ɗauki lokacin ɗurawa, kamar a dama fura a sha. Ta sake, dum. Shiru. Sai na ji hayaniya ta fara tashi, ba ta murna ba, irin wadda ake ji in an kama ɓarawo a kasuwa. Ta yi sama, ta yi sama, sai ta mutu gaba ɗaya kamar an zuba wa wuta ruwa. Harbi na uku bai zo ba.

Abin da ya faru a gindin gawon na ji shi daga bakin Yaya Sani, na ji daga matar Buba da ke kawo mana nono, kuma maganarsu ɗaya. Bayan harbi na biyu Buba ya je jikin icen ya sa wuƙa ya tono. Rami guda ya samu, kamu ɗaya daga goran ta hannun dama, a ciki dalma biyu, ɗaya ta lotse a kan ɗaya. Ya ɗaga su a tafin hannu ya ce:

"Wanda ya sa biyu a rami guda ba kuskure ya yi ba. Kuma Suruka hagu take kaucewa, kowa ya sani. Yau ta kauce dama. An taɓa bindigar nan."

Maƙeri guda ne a garin, yana tsaye cikin 'yan bakin kasuwa da hular jam'iyya a kansa. Mutanen tsamiya suka fara juyowa wajensa. Wani ya ce nawa aka ba shi, wani ya ce surukin mutum ma ya sai da shi. Samari suka fara tsintar abin da ke ƙasa. Yaya Sani ya ce mini ko ya buɗe baki, sunana zai kira a gaban gari.

Babanku ya ɗaga bututun ya leƙa haske ta ciki, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya sauke, ya rungume ta a hammata yadda ba mai karɓa.

"Buba, mai da wuƙarka," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa Suruka, tana nan da karkatarta. Idona ne. Tun damina nake ganin abu biyu-biyu na ɓoye muku. Goran da nake aunawa ba shi ne a rataye ba. Wanda ba ya gani ba ya shugabantar masu gani."

Ya taka har gaban Habu, yaron da shi ya koya wa ɗana tarko, ya rusuna ya ce Allah ya ja zamanin Sarkin Baka. Duwatsun da aka tsinta suka koma ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya shigo gida ya rataye bindigar, ya sauke jakar kakansa daga inuwa ya mai da ita cikin tukunya, ya zauna a bakin ƙofa.

"Ɗiyar maƙera, a ba ni ruwa."

Na kawo na durƙusa. Sai da ya shanye na ce, "Ni ce."

"Na sani. Sani ba ya shiga ɗakina da ƙafarsa sai an kira shi." Ya juya kwanon a hannu. "Aikinsa ya yi kyau. Baba ma bai iya miƙe ta haka ba."

"Bari in je wurin maigari in faɗi gaskiya."

"Ki ce mi? Wa zai yarda mace ta yi wanga tunani ita kaɗai? Za a ce an sayi yayanki, ke kuma kina rufa mishi asiri. Kafin Juma'a ba maƙera a garin nan, ba kuma gaisuwa tsakanin gidanku da namu har jikoki. Sarauta ta tafi, kar ta tafi da mutane. Ki bar maganar a nan har ni da shi mu kwanta dama."

Kada ku ɗauka waliyyi ne. Ya ji zafi, kuma na gani. Wata guda cur bai kira ni ɗiyar maƙera ba, sai "ke". Yana cin tuwona, amma ba ya ce ya yi daɗi ko bai yi ba. Bayan sati ya cire bututun Suruka da hannunsa, don kar wata rana wani ya leƙa, ya kai wa Yaya Sani ya ce a yanka a yi bakin zugazugi. Yaya Sani ya yi kuka a maƙera, babba da shi. Gindin ƙiryar kuwa shi ne wanda kuka taso kuna ganin ana tokare ƙofar rumbu da shi.

Abin da ban hango ba, shi kuma ya hango tun a gindin gawon, shi ne cewa wanda ya ce a gaban gari ba ya gani, ba shi da sauran harbi. In ya ɗauki ko da aron bindiga ya kayar da zabo guda, maganar ta warware. Yana da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, hannunsa bai taɓa rawa ba. Ya ajiye harbi. Maharba suka ci gaba da taruwa, amma a zauren Habu, namu ya koma wurin ajiye ƙaiƙayi. In an fita farauta yakan zauna a tsakar gida yana saƙar igiya, in bindiga ta yi ƙara daga daji sai in ga hannunsa ya tsaya, ya ce a hankali, wannan ya yi gaggawa, ko ya ce, wannan ya samu. Da dila ya dawo wa Buba, ya zo har gida ya zauna ya yi ta kallon idon babanku. Babanku ya ce masa ya je wurin Sarkin Baka. Buba ya ce to, ya bar mana ƙwaryar nono ya tafi. Ina jin shi kaɗai ne bai taɓa yarda ba, kuma bai taɓa faɗa ba.

Habu ya riƙe sarautar da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, kuma bindigarsa ba ta yi masa ƙarya ba muddin akwai kartush. Har ya rasu bai san komai ba. Duk zuwansa Maraɗi sai ya sayo wa yayansa maganin ido a 'yar kwalba, babanku ya karɓa da hannu biyu, ya ɗiga a gaban mutane yana godiya. In za a hau tudun masallaci wani ya miƙo masa hannu, sai ya kama. Ku ma kun ja shi, kuna rige-rigen wa zai riƙe sandar. Fartanyar da kuka yi noma da ita duk daga maƙerar kawunku ta fito, 'ya'yansa kuma su ne abokan wasanku har yau.

Ni idona ne ya fara gajiya, tun kafin in yaye autarku. In zan yi ɗinki sai in leƙa tsakar gida in ga ba kowa, in shiga ɗaki in miƙa masa allura da zare. Ko lasar zaren ba ya yi, sau ɗaya yake zurawa. Haka muka yi shekara ashirin, har makon da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ranar ma ya zura, ya miƙo mini, ya ce:

"Ja ƙofar dai, ɗiyar maƙera, kar a kama makaho yana aiki."